Litiyam da tunanin kashe kai: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ɗana yana da ciwon baifola, ciwon ƙwaƙwalwar nan mai juya yanayin mutum tsakanin zumuɗi da baƙin ciki mai tsanani. Wani lokaci ya kwana uku ba barci sai surutu, wani lokaci ya kulle kansa a ɗaki. An ɗora shi kan litiyam, wai yana hana kashe kai. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Maganar tana da tushe. Litiyam tsohon magani ne, tun 1949 wani likita mai suna John Cade ya gwada shi a Ostareliya. A 2013 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 48, aka ga kashe kai ya ragu a tsakanin masu shan sa. Sai dai wani gwaji da aka yi daga baya kan tsofaffin sojojin Amurka bai nuna hakan ba. Ni dai ina tare da maganin, amma ba dare ɗaya yake aiki ba. Ranar da kika ji yana zancen mutuwa, ko ya fara rabar da kayansa, ki tambaye shi kai tsaye. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti a ranar, ƙwayoyin kuma su zauna a hannunki.

Tambaya: Ina shan litiyam, shekara biyu ke nan lafiyata ƙalau. In daina sha?

Amsa: Ɗan'uwa, lafiyar nan aikin maganin ce. Yanke shi farat ɗaya yakan dawo da ciwon, kuma a watannin da ke biye haɗarin kashe kai yana ƙaruwa. Idan dainawar ta zama dole, likitanka zai riƙa ragewa sannu a hankali, aƙalla cikin mako huɗu, sau da yawa har wata uku.

Tambaya: Ina kan litiyam, sai na sha ibuprofen saboda ciwon baya, yanzu hannuna na karkarwa sosai, ga gudawa.

Amsa: Malama, kada ki ƙara shan litiyam ɗin sai an auna jininki, kuma yau ɗin nan za ki je. Ƙoda ce ke fitar da shi, ibuprofen da diclofenac kuwa suna sa ya taru a jini ya zama guba. Haka wasu magungunan hawan jini, haka ƙarancin ruwa a jiki. Ki lura da tangaɗi ko nauyin harshe. In an sallame ki, ki riƙe gwajin ƙoda da na tayirod (ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo) duk wata shida.