Na Yi Shiru Don Ladabi, An Rubuta Cewa Ba Ni da Abin Cewa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Zariya ne, tattalin arziki na karanta. Da na gama bautar ƙasa sai Allah ya ba ni aiki a Legas, a wani kamfani da ke ba manyan ma'aikatu shawara kan yadda za su tafiyar da harkokinsu. Wata na bakwai ke nan. Albashi alhamdulillahi, ina aikawa gida, ni ke biya wa ƙanwata kuɗin makaranta. Amma hankalina ba a kwance yake ba. Sau da yawa sai sha ɗaya na dare nake rufe kwamfuta, in farka da asuba in tarar manajata ta dawo mini da aikin cike da gyara. Juma'a ma ta taɓa wuce ni saboda taro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Muna yi wa wani banki aiki, ana gobe za mu gabatar da rahoto sai na lura wani adadi a shafin da babban ogan namu zai karanta bai yi daidai da lissafina ba. Mutumin sa'an mahaifina ne, na ji nauyin in ce masa ya yi kuskure, na ja bakina na yi shiru. Washegari shugaban sashen kuɗi na bankin ya gano a gaban kowa. Da aka zo duba ƙwazon ma'aikata sai aka rubuta mini cewa ina da himma amma ba na magana, kuma ba a san ra'ayina a kan komai ba. Mahaifina ya ce in yi haƙuri, abokina ya ce in dawo gida in nemi aikin gwamnati. Malam, mene ne mafita?

Ƙaninka daga Zariya, mazaunin Legas

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin na yi shekaru ina irin wannan aiki a Legas kafin na dawo Kaduna, kuma na ga yaranmu masu kaifin ƙwaƙwalwa da dama sun bar shi ba don aikin ya fi ƙarfinsu ba, sai don ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu abin da ake nema a wurinsu.

Bari in fara da maganar adadin nan, don ita ce zuciyar matsalar. Abin da ka yi, a zauren gidanku tarbiyya ce, kuma ba zan ce maka ka jefar da ita ba. Amma ka tambayi kanka: me bankin ya biya kamfaninku ya kawo masa? Ba ku da masana'anta, ba ku da kaya a sito. Lokacin ma'aikata da tunaninsu kawai kuke sayarwa. Ogan da ya tsaya gaban shugabannin banki bai buɗe Excel ɗin da ka kwana a kai ba, wataƙila ayyuka huɗu ko biyar yake kulawa da su a lokaci guda. Ya dogara ne da cewa in akwai matsala, wanda ya fi kusa da lissafin zai ɗaga murya. Wannan mutumin kuwa kai ne. Shirun da ka yi don ka girmama shi, shi ya bar shi ya ji kunya a gaban baƙi. Na tabbata da za ka tambaye shi, zai ce ya gwammace ka tashe shi da ƙarfe ɗaya na dare.

Wannan al'ada tana da asali. James McKinsey ya kafa kamfaninsa na ba da shawara, McKinsey, a Chicago ta Amurka a 1926, amma wanda ya gina masa ɗabi'unsa shi ne Marvin Bower, lauya ne da ya shigo a 1933. Cikin ƙa'idojin da kamfanin ke tutiya da su har yau akwai cewa wajibi ne a kan ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, ya faɗi rashin amincewarsa in ya ga abu ba daidai ba. Ka lura, ba izini aka ba shi ba, wajibi aka ɗora masa. Sauran manyan kamfanonin sana'ar, irin su BCG da Bruce Henderson ya kafa a Boston a 1963, da Bain da aka kafa a 1973, da sassan shawara na Deloitte da PwC da EY da KPMG, kowa da salonsa, amma duk suna auna ma'aikaci da wannan ma'auni: shin yana da matsaya, kuma yana iya kare ta?

Ba kuma nake ce maka kamfanonin nan sun cika ƙa'idar tasu kullum ba. A 2018 McKinsey ya mayar wa Eskom, kamfanin wutar lantarki na Afirka ta Kudu, kusan rand biliyan 1 saboda wata kwangila da ta zama abin kunya, shugaban McKinsey na lokacin ya fito ya nemi gafara. A Fabrairun 2021 kamfanin ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 573 kan shawarar da ya bai wa kamfanin magunguna na Purdue Pharma ta yadda za a ƙara cinikin OxyContin, maganin da ya jefa ɗimbin mutane cikin jaraba. Duk lokacin da na tuna waɗannan, abin da ke zuwa mini a rai shi ne: mutum nawa ne suka zauna a ɗakunan taron, suka ga alamar, suka yi shiru? Don haka koyon buɗe baki a wannan sana'a ya wuce neman ƙarin girma. Amana ce, kuma mu da aka raine mu a kan tsoron cin amana ya kamata mu fi kowa riƙe ta.

To yaya za ka yi magana ba tare da ka zama marar kunya ba? Akwai wata yarinya 'yar Katsina da ta yi aiki a ƙarƙashina, muryarta ko a ɗaki ɗaya sai ka matso kake ji. Ba ta taɓa katse babba ba, ba ta taɓa cewa "ba haka ba ne". Abin da take yi, in ta ga matsala sai ta turo saƙo gajere kafin taro: "Ranka ya daɗe, adadin da ke shafi na tara bai yi daidai da na rahoton bankin ba, ga lissafina a maƙale, a duba ko ni ce na kuskure." Shi ke nan. Ladabin yana nan, gyaran ya isa. Ta riga waɗanda suka fi ta surutu samun ƙarin girma. Ka fara da manajarka, ba sai ka tsallake ta ka je wurin oga ba. Kuma ka ɗora wa kanka cewa duk taron da za ka shiga, ka shiga da abu ɗaya da ka gano wanda za ka faɗa. Ɗaya ya isa.

Sai salon maganar. Mu mun saba mu yi shimfiɗa, mu kewayo, sannan mu iso ga batu, kuma a wurin da ya dace wannan hikima ce. A kamfanonin nan kuwa an koyar da mutane akasin haka. Barbara Minto, wadda ta shiga McKinsey a 1963, ita ta tsara hanyar rubutu da kusan duk sana'ar ke bi yanzu: ka fara da amsa, sannan dalilai, sannan hujjojin da ke ƙarƙashin kowane dalili. Ina zargin rabin jan alƙalamin da manajarka ke yi maka daga nan yake. Gwada ka sa kan kowane shafi na PowerPoint ya zama cikakkiyar jimla mai ɗauke da abin da ka gano, ba suna kawai kamar "Kuɗin shiga" ba. Za ka ga gyaran ya ragu.

Ka kuma san yadda ake yanke hukunci a kanka. Galibi sau biyu a shekara kwamitin duba ƙwazon ma'aikata ke zama, kuma yawancin waɗanda ke cikinsa ba su taɓa aiki da kai ba, abin da aka rubuta kawai suke karantawa. Alherin da ka yi a ɓoye ba ya isa teburin. Kada ka jira wata shida: kowane mako biyu ka nemi minti goma sha biyar wurin manajarka, ka ce ta faɗa maka abu ɗaya da za ka gyara. Ka buɗe wani fayil kana rubuta abin da ka kammala da ranar da ka kammala shi. Yawancin manyan kamfanonin nan suna bin tsarin da suka aro daga ofisoshin lauyoyi na Amurka, wato kowane mataki yana da wa'adi, ko ka hau ko a sallame ka cikin mutunci. Rahoto ɗaya marar daɗi a wata na bakwai ba ya korar mutum. Wanda ke korar mutum shi ne a sake rubuta abu ɗaya karo na biyu da na uku.

Yanzu maganar dare da Juma'a. Ba zan yaudare ka ba, aikin nan yana da tsawon awoyi ko'ina a duniya, domin an yi ciniki a kan farashi da wa'adi, ƙungiyar kuma 'yar ƙarama ce. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ma ba za ta yi maka rana sosai ba, don ma'anar "ma'aikaci" a cikinta ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, saboda haka takardar ɗaukarka aiki da littafin dokokin kamfanin su ne madogararka. Ka karanta su da kyau. Amma ba gaskiya ba ne cewa ba a iya shata iyaka. Farfesa Leslie Perlow ta makarantar kasuwanci ta Harvard ta yi gwaji a ofishin BCG na Boston, inda aka wajabta wa kowane ɗan ƙungiya dare ɗaya a mako da ba waya ba imel. An buga sakamakon a 2009: aikin bai lalace ba, mutane suka ƙara tattaunawa a tsakaninsu, gamsuwarsu da aikin ta ƙaru. Sirrin shi ne an san da hutun tun da wuri, an tsara aiki a kansa.

Haka za ka yi da Juma'a. Ranar farko ta kowane sabon aiki, lokacin da ƙungiya ke zama tana tsara yadda za ta yi tafiya, ka ce: "Ranar Juma'a daga ɗaya zuwa biyu da rabi ina masallaci, zan rufe wannan lokacin a kalanda, abin da ya taso zan gama shi da yamma." Ka faɗa a sarari, ba da muryar mai roƙo ba. A iya zamana ban ga manajan da ya hana wanda ya yi haka ba, kuma abokan aikinka Yarabawa Musulmi suna nan da yawa, ku tafi tare. Wanda Juma'a ke wucewa shi ne wanda ya bari sai sha biyu da rabi, an riga an sa taro, sannan ya fara kallon agogo. Haka azumi: wata guda kafin ya kama ka yi magana a kan lokacin buɗe baki da tafiye-tafiye. In kuwa ka faɗa a fili aka ƙi, ko ka ga barci ya ƙaurace maka, ƙirjinka na bugawa, ba ka iya cin abinci, to wannan wata magana ce daban. Ka ga likita, ka sanar da sashen kula da ma'aikata a rubuce. Babu albashin da ya kai lafiyarka.

Kana da wani jari da ba ka lissafa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a kowace ma'aikata ainihin bayanin yana wurin akawu da ma'ajin sito da shugaban reshe da ya shekara ashirin a kujerarsa. Waɗannan ba sa sakin jiki da yaro mai kwat da ya shigo yana musu kallon bai ga kowa ba. Suna sakin jiki da wanda ya gaishe su, ya zauna, ya saurara. Wannan kai ka iya shi tun kana yaro. Ranar da aka samu aiki a Kano ko Sakkwato, na gwamnatin jiha ko na noma ko na lafiya, kai za a nema. Ka gaya wa mai raba ma'aikata ga ayyuka tun yanzu cewa kana so.

Game da tafiya ko zama, ra'ayina ka zauna, amma da wa'adin da kai ka yanka wa kanka. Cika shekara biyu. Mafi yawan masu shiga sana'ar nan ba sa tsufa a cikinta, suna koyon aiki ne su wuce banki ko kamfanin sadarwa ko gwamnati. Taiwo Oyedele, wanda aka ɗora wa jagorancin kwamitin gyaran haraji na shugaban ƙasa a 2023, daga PwC ya fito. Shekara biyu a takardarka tana buɗe ƙofofin da wata bakwai ba za ta buɗe ba, har a aikin gwamnatin da abokinka ke faɗa. Mahaifinka ya yi gaskiya da ya ce ka yi haƙuri, sai dai ka haɗa haƙurin da gyara.

A wannan makon ka je wurin manajarka ka faɗa mata cewa ka ga adadin nan tun daren, kuma ka bayyana mata abin da ya hana ka magana. Zai yi maka nauyi, na sani, amma da wuya ta riƙe ka da shi, kuma daga ranar za ta fara tambayarka ra'ayinka a taro. Bayan zaman kwamiti na gaba ka sake rubuto mini in ji abin da suka ce. Ka gaishe mini da Baba.