Asabar da Lahadi babu waya: amsoshin tambayoyinku

Wata uwa daga Kano ta rubuto cewa ita da maigida sun yanke shawarar ajiye waya da talabijin ƙarshen makon nan, amma autanta ɗan shekara 2 ko tuwo ba ya ci sai an kunna masa katun, tana tsoron rigimarsa.

'Yar uwa kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce kuma ba ki makara ba. Zai yi kuka kam, ranar Asabar da safe zai yi har da birgima, ki ɗauke shi ki goya ki ci gaba da aikinki, in ya huce ki ba shi murfin tukunya da ludayi ko ki zaunar da shi kusa da ke kina tsince shinkafa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a ba shi kallo ba, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana, kinga kina kan hanya. Abu ɗaya zan roƙe ki, ke da babansa ku fara ajiye naku. Ku sa layi a 'yar ƙaramar wayar nan mai toci saboda kiran gaggawa, manyan a kulle a durowa. In yaro ya gan ki kina leƙa WhatsApp a kicin to magana ta ƙare.

Wani kuma yana tambaya wai wace tablet ce ta fi kyau ya saya wa yara tunda an hana su waya, irin mai koyar da karatu.

Haba Malam. Ai ita ma kallon ce. Ka bar kuɗinka a aljihu.

Sai wani magidanci daga Kaduna, ya ce ya ware naira 80,000 zai shiga kasuwa ya kwaso mota mai rimot, bindigar roba da kwamin wanka na hurawa, don kar yara su yi kewar waya.

Alhaji a nan zan daɗe, don wannan ɗabi'ar tana ƙona min rai. Me yasa kullum in mun ga matsala a gida sai mu nufi kasuwa? Da kuɗin nan kasan buhun me za ka shigo da shi gida, amma za ka zuba su a roba da ba za ta kai Lahadi da yamma ba. Yawancin kayan wasan da ake bazawa a bakin titi da cikin baro ba sunan kamfani, ba a rubuta shekarun yaron da ya dace ba, ka buɗe leda wari ya buge ka kamar na fetur, ka goga da yatsa fenti ya biyo ka, kuma wannan ne jariri zai kai baki. Wanda yafi tayar min da hankali shi ne ɗan batirin nan mai faɗi kamar maɓallin riga da ake sawa cikin masu wuta da kiɗa, in murfinsa ba a ɗaure da sukuru ba kar ka saya ko kyauta ne, yaro in ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2, kuma ba a jira ba a sa shi amai, asibiti ake yi da gudu. Bindiga mai harsashin roba kuwa kowa yasan abinda take yi wa idon yara lokacin sallah. Kwamin wanka shi ma, ƙaramin yaro ko a bokiti yana iya nutsewa, balle uwa tana ɗaki tana ganin ai suna wasa.

In dole sai ka saya, ludo ɗaya mai kauri da ƙwallo mai kyau sun isa, ka matsa ƙwallon ka duba ɗinkin kafin ka biya. Sauran ba na kuɗi bane. Dara rami ne a ƙasa da 'yan duwatsu da tsinke, carafke duwatsu ne, 'yar gala-gala gawayi kawai za a zana da shi a tsakar gida, langa kuwa ƙafa ɗaya ce. Ka zauna kai da kanka ka koya musu dara, ka bari babban ya cinye ka sau ɗaya ka ga yadda zai yi ta ba da labari. Bayan isha a shimfiɗa tabarma, in kaka na kusa a ɗauko ta, ta ce ga ta nan ga ta nanku su ce ta zo mu ji ta.

Ta ƙarshe tana son sanin inda za su je a Kano ba tare da kashe kuɗi da yawa ba, ga kuma Islamiyya Asabar da Lahadi.

Kar a fasa Islamiyya saboda yawo, ku duba lokacin da suke tashi ku tsara a kai. Gidan Makama yana nan kusa da fadar sarki, marinar Ƙofar Mata yara za su ga yadda ake tsoma zane a baba ya fito shuɗi, ga gidan zoo, ga Dutsen Dala in ƙafafunsu sun yi ƙwari. Wuri ɗaya ya isa a rana, kuma da sassafe ko bayan la'asar saboda rana. Ki dafa abinci daga gida ki haɗa zoɓo ko kunun aya a kula, kar ki biye wa lemukan roba masu kala da ake tallatawa a ƙofa, duk wanda ba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jiki ki mayar wa mai shi. A saman Dala ki riƙe hannun ƙananan gam, kuma ki yi cinikin adaidaita na zuwa da dawowa tun kafin ku hau.