Kafin ka ɗauki hoton sakamakon nan

Ka ce, "Malam, ta yaya zan gane ƙwayoyin ɓargon nan da muke nomawa a kwalba, waɗanda ake kira MSC, suna kwantar da garkuwar jiki da gaske, tunda wanda za a ba su shi ne wanda aka yi wa dashen ɓargo, sabon ɓargon ya juya yana cin jikinsa?" Yaro, ka fama mini tsohon gyambo.

Ƙirgar ƙwayoyi, da duba alamomin da ke jikinsu, wato CD73, CD90 da CD105, bisa ƙa'idar tantance su ta 2006, ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Wanda bai san wannan ba ya koma wanke kwalabe. Gwajin ma ba wani abu ba ne: ka samo fararen ƙwayoyin jinin wani, ka rina su da CFSE, ka tsokane su da sinadarin PHA don su fara rabuwa, ka zuba goma a kan kowace ƙwayar ɓargo ɗaya, ka jira kwana huɗu ko biyar. Duk rabuwar da ƙwaya ta yi, rininta ya ragu da rabi. In rinin ya tsaya da ƙarfinsa, ba su rabu ba, ƙwayoyin ɓargon sun danne su ke nan.

To, a nan na sha ƙasa. Wani abokin aiki ya ba ni kwalbar ƙwayoyi, ya rantse tsaf suke. Na gwada, suka danne fiye da duk wanda na taɓa nomawa. Na rage su zuwa ɗaya bisa ɗari, ba su fasa ba. Wata bakwai ina tafiya kamar na gaji sarauta, na ƙarar da kuɗin sinadaran shekara guda. Rannan wata dattijuwa mai binciken da ta kawo mana ziyara ta kalli takardar, ko murmushi ba ta yi ba, ta ce, "Kun gwada maikoplasma?"

PCR, gwajin da ke gano ƙwayar cuta ta DNA ɗinta, ya fito da ita ɓaro-ɓaro. Wannan ƙwayar cuta ba ta gurɓata ruwan kwalba, madubin da muke leƙawa kullum ba ya nuna ta, fenisilin bai dame ta ba don ba ta da bango. Kuma ita kaɗai tana iya hana fararen ƙwayoyin hayayyafa. Ashe ita nake ta yabo! Da hannuna na kwashe duk abin da ke cikin inkubeta, akwatin ɗumin da muke renon ƙwayoyi, har da na yaran da ba su ji ba su gani ba, na zuba musu bilic. Daga baya na ji abokin aikin nan ya daɗe yana zargin kwalbar, ya ja bakinsa ya yi shiru. Har yau in mun haɗu a taro, sallama kawai ke haɗa mu.

Ku 'yan yanzu, layin hayayyafar fararen ƙwayoyi ya sauko a kwamfuta, kun ɗauki hoto kun watsa a WhatsApp. Ka sa wa ƙwayoyin ɓargon sinadarin garkuwar jiki na intaferon gama ka ga ko IDO, sinadarin da suke danne fararen ƙwayoyin da shi, ya tashi? Ka gwada da jinin mutum na biyu? Ƙwayoyin da ka fiddo yanzun nan daga ruwan naitirojin, inda ake daskarar da su, ba su kai ƙarfin waɗanda suka kwana a inkubeta ba, kuma sau da yawa waɗanda aka narkar ɗin ne ke shiga jijiyar mara lafiya. Wani yaro ɗan shekara 9 a Suwidin mai irin wannan ciwon bayan dashe, da aka ba da labarinsa a 2004, ƙwayoyin ɓargon mahaifiyarsa aka sa masa hanjinsa da hantarsa suka lafa. Irinsa ne zai karɓi abin da ka sa wa hannu.

Ajiye wayar. Ɗibo mini ruwan kwalba ta uku, yau za mu aika PCR.