Filin Tambaya da Amsa: An Cire Mini Yana, Ina Ganin Nesa Amma Karatu Ya Gagara

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni tela ne a garin Jega, shekaruna 64. Mako uku ke nan da aka yi mini aikin cire yana a idon dama. Alhamdu lillahi, yanzu ina shaida mutum tun daga nesa, amma kafin aikin ina zura zare a allura, ina kuma karanta Alƙur'ani ba tare da tabarau ba, yanzu kuwa rubutun ya koma dishi-dishi. Hasken rana yana kashe mini ido, kuma idan na saka tsohon tabarauna na ganin nesa sai jiri ya ɗebe ni. Shin aikin ne bai yi kyau ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara sauƙi. Bisa abin da ka bayyana, ban ga alamar aikin ya ɓaci ba, kuma shaida mutum daga nesa da kake yi ita ce babbar hujjata.

Mutane da yawa sun ɗauka yana wata fata ce da ke rufe ido daga waje, likita ya kankare ta. Ba haka ba ne. A cikin kowane ido, can bayan baƙin ido, akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda ke tattara haske, kuma shi ne yake dusashewa idan shekaru sun ja, a ce mutum ya yi yana. Abin da likita ya yi maka shi ne ya fitar da wannan madubi, ya sanya na roba a gurbinsa, dabarar da wani likitan Ingila mai suna Harold Ridley ya fara a birnin Landan a 1949. Madubin da aka halicce mu da shi yana sauya siffa domin ya daidaita gani tsakanin nesa da kusa, ko da yake wannan baiwa tana fara raguwa tun daga wajen shekara 40, amma na roba da aka fi sanyawa awo ɗaya gare shi, kuma galibi a kan ganin nesa ake saita shi domin mutum ya yi zirga-zirgarsa ba tare da ɗan jagora ba.

To, me ya sa a da kake zura allura? Akwai nau'in yanar da ke taurara tsakiyar madubin, ta ƙara masa ƙarfin tattara haske, sai na kusa ya fito sarai, na nesa ya ɓace. Dattawa kan yi murna su ce ganinsu ya dawo, alhali yanar ce ke nuna. Da aka cire ta, sai ta tafi da wannan aron ganin, wanda ko an bar ta ba zai daɗe ba. Maganin abu ne mai sauƙi, wato tabarau na karatu, yawanci mai lamba tsakanin +2.50 da +3.00. Tsohon tabaraunka kuwa an auna shi ne da idon da ke da yana, shi ya sa yake sa ka jiri, don haka ka ajiye shi.

Sai dai kada ka yi gaggawar yanka sabo mai tsada. Ido yana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin raunin ya warke awonsa ya tsaya, kuma wanda aka auna kafin lokacin sau da yawa asarar kuɗi ne. Idan sana'a ta matsa, babu laifi ka sayi na karatu mai araha ka riƙe na ɗan lokaci, domin ba ya ɓata aikin, amma ka gwada shi da allura da zare a hannunka, a tazarar da ka saba ɗinki. Idan idon hagu ma yana da yana, ka tambayi likitanka lokacin da za a yi masa aiki, domin bambancin awo tsakanin idanu biyu shi kansa yana kawo ciwon kai.

Kashe ido da rana ke yi maka zai ragu a hankali, domin ido ne da ya shekara da shekaru a bayan labule aka yaye masa. Ka riƙa saka baƙin tabarau idan za ka fita, wanda zai kare ka daga ƙurar hanya da ta hunturu. Ka ci gaba da ɗiga magani yadda aka tsara maka, kada ka murza idon, kuma ka bar kwalli har sai likita ya yarje maka.

Bayan watanni ko shekaru, wasu kan ga hazo ya dawo, su ce yana ta sake fitowa. Yana ba ta dawowa, siririyar jakar da madubin roba ke zaune a ciki ce ke dusashewa, kuma ana share ta da hasken leza cikin 'yan mintoci a manyan asibitoci irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Amma idan ka ji ciwo mai tsanani, ko idon ya yi jawur yana fitar da mugunya, ko gani ya ragu farat ɗaya, ko ka ga walƙiya da wani duhu kamar labule yana saukowa daga gefe, to kada ka jira ranar da aka ba ka, ka nufi asibiti a Birnin Kebbi a wannan rana.