Rani, bazara da marka: amsoshin tambayoyinku

Wani malamin firamare daga Ringim ya aiko da tambaya biyu a haɗe: shin rani da bazara abu ɗaya ne? Kuma da gaske ne duniya ce ke matsawa kusa da rana, shi ya sa ake ƙuna a bazara?

Malam, ba ɗaya ba ne, ko da yake bazara a cikin rani take. Rani shi ne duk tsawon lokacin da ruwa ya ɗauke, tun daga bayan kaka har saukar ruwan shuka. Daga nan muka samu noman rani da cin rani. Hunturu ma a cikinsa yake, da hazonsa da fasonsa. Bazara kuwa ita ce ƙarshensa, wajen Maris zuwa Mayu, lokacin sharar gona da kai taki, ana kwana a tsakar gida, ana duban gabas ko hadari zai haɗo.

Maganar matsowa kuwa, ba haka ba ne. A farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, alhali a lokacin muna jin wuta da asuba. A farkon Yuli ta fi nisa, kimanin miliyan 152. Dalilin na gaskiya shi ne a karkace duniya take kewaya rana, karkatar kusan digiri 23 da rabi. Wata shida arewacinta ne ke samun kaso mafi tsoka na haske, wata shida kudancinta. Shi ya sa muna cikin ɗari, mutanen Afirka ta Kudu suna fama da zafi.

Ka gwada wa ɗalibanka da sanda a filin makaranta, da tsakar rana. Ƙasar Kano da Jigawa tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A Disamba rana kan karkata kudu, inuwa ta miƙe arewa, hasken ya sauko a kaikaice ya bazu, ƙarfinsa ya ragu. Yinin ma bai cika awa 11 da rabi ba. Wajen 22 ga Afrilu sai ta tsaya a tsakar ka, inuwar sandar ta kusa ɓacewa. Ga bazararka nan. A Yuni ta wuce mu zuwa arewa, inuwa ta koma kudu, yini ya doshi awa 13. Malaman fiƙihu sun daɗe da lura da wannan, don ba a auna shigar la'asar da inuwa sai an cire inuwar zawali, wadda ke tsawo da gajarta gwargwadon lokacin shekara.

Ina roƙon masu fassara labaran Turai su daina laƙaba wa kowane lokacin zafi na can sunan bazara. Tamu ba ta da ruwa, tasu kuwa shuka na kore shar.

Wata baiwar Allah daga Bichi ta ce kakarta kan ce "marka ta kama", kuma tana son sanin alaƙarta da "damina uwar albarka".

Hajiya, marka ita ce tsakiyar damina, galibi a Agusta: ruwa ba ƙaƙƙautawa, shanya ta ƙi bushewa, katangar ƙasa ta jiƙe ta zube. Karin maganar kuwa kirari ne. Hatsi da ciyawar dabbobi da ruwan rijiya duk 'ya'yan damina ne. Abin da zai ba ki mamaki, wajen 21 ga Agusta rana kan sake tsayawa a tsakar kanmu kamar a Afrilu, amma ba a ƙuna. Ƙasa ce ta yi zafi tun bazara, ta jawo iska mai laima daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ta ture busasshiyar iskar Sahara. Gajimaren da wannan iska ta kawo shi ke tare hasken a kwanakin marka.