Tambaya da Amsa: Katin Ɗaurin Aure Ya Fito a Karkace, Ina Matsalar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani shagon bugu a Jidda. Wata Hajiya ta ba ni katin ɗaurin auren 'yarta, Hausa da Larabci, ta ce tana son rubutun nan mai kwanciya. Na karkatar da shi a manhajar zane ta CorelDraw, na buga ɗari uku, ta dawo da su ta ce kamar iska ta kaɗa su. Maigidana ya ce daga albashina za a cire. Ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Hajiya ta fi ka gaskiya. Abin da ka buga ba italik ba ne, miƙaƙƙen rubutu ne ka tura shi ya jingina.

Wannan kuskuren kullum sai na gan shi, har ya ishe ni. Yaro ya yi wata uku gaban kwamfuta, ya ɗauka duk abin da ya kwanta italik ne, gobe kuma ka ji yana koya wa wani. Italik na gaske daban ake zana shi, harafi bayan harafi. Asalinsa rubutun hannun malaman Italiya ne. Wani mai buga littattafai, Aldus Manutius, ya buga littafi sukutum da shi a birnin Benis na Italiya a 1501, Francesco Griffo ne ya sassaƙa masa haruffan. Shi ya sa "a" ɗinsa irin ta hannu ce mai ciki ɗaya, "f" tana zura wutsiya ƙasan layi, 'yan ƙafafun bakin haruffa da ake kira serif kuma suna komawa kamar shigar alƙalami da fitarsa. Idan na'ura ce ta tura, "a" tana nan yadda take, "o" ta maƙale, inda ya kamata a ga siriri sai ya kumbura. Ido yana gani ko da mai idon bai san sunan abin ba.

Larabcin kuwa, don Allah kada ka sake. Tura Naskh, wato rubutun Larabci irin na littattafai, gefe ɓata shi ne kawai, kuma a ƙasar da mutane suka san haɗɗi, wato fasahar rubutun hannu, tun suna yara! In ana son ado, ga salon rubutun Diwani, ga na Suluth, sun dace da biki.

Sai ka duba ƙ, ɗ da ɓ. Fon (wato salon haruffan kwamfuta) da yawa masu kyau ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani wuri, ka ga "ɗaurin" da harafi ɗaya baƙo. Gentium da Charis SIL suna da su, suna da italik na gaske, kuma kyauta ne.

A sabon bugun, sunan amarya da ango da layin gayyata kawai za ka sa a italik. Adireshi, kwanan wata da lambar waya su tsaya a miƙe, saboda dattawa ne za su karanta. Ka fara buga ɗaya, Hajiya ta sa hannu a bayansa, sannan ka buga sauran.