Ga ɗan'uwan da nonon shanunsa ya ragu a kan sailej ɗin dawa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka buɗe ramin sailej ɗin dawarka, wato ɗanyen karan dawa da aka datsa aka adana a rami a rufe, shanu suna ci sosai amma nono sai ja da baya yake yi, har kana tambaya ko dawa ba ta da wani amfani a rami. Wallahi na ji maka, don ni ma na ɗanɗani wannan ɗacin.

Kada ka zargi dawa. Tana cika ciki, tana ba da ƙarfi, ta kusa kamo masara ko da yake ba ta kai ta ba, kuma tana jure farin da zai ƙone masara. Inda ta gaza shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki. In an cire ruwa, furotin da ke cikin sailej ɗinta bai cika wuce kashi 6 zuwa 9 cikin 100 ba, alhali saniyar tatsa tana neman wajen kashi 14 zuwa 16. In shi kaɗai kake zuba mata, daga jikinta za ta riƙa ciro nonon har haƙarƙari ya fito. Ka haɗa mata da harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da ƙulin angurya safe da yamma. Gishiri da kanwa kada su yanke.

Amma yaushe ka yanka dawar? A nan aka cuce ni. Na ba wani mai injin datsa kara kafin alƙalami tun dawa tana fidda kai, muka yi da shi zai zo da zarar ƙwaya ta yi nono ta fara kauri, yadda in ka danna da farce za ta fashe. Lokaci ya yi, na kira, ya ce gobe. Gobe ta zama jibi, daga baya wayar ma ya daina ɗagawa. Ashe ya kai injin gonar wani mai hali. Ni kuwa kullum ina tsaye a bakin gona ina kallon ganyen ƙasa yana bushewa, kara yana zama itace. Ranar da ya ga dama ya zo, ko haƙuri bai ba ni ba, kuma wuƙaƙen injin duk sun dakushe, yana fitar da kara tsawon yatsa maimakon gaɓar yatsa ɗaya. Muka tattake, muka tattake, abu ya ƙi kwanciya. Da bazara na yaye ledar, sama da gefe duk farar fumfuna, ƙasa baƙi yana wari. Ɗan na tsakiyar da ya tsira na ba shanu, sai ga ƙwayar dawa tana fita a kashinsu yadda ta shiga, kaji suna bi suna tsincewa. Saniyar da muke shan nononta a gida ta rame har sai an kama ta take tashi. Kuɗin makarantar yara na kwasa na sayi harawa da tsadar bazara. Har yau in na hango mutumin nan a kasuwa sai na sake hanya. Allah ya isa tsakanina da shi.

Saboda haka je ka duba kashin shanunka yau ɗin nan. In ka ga ƙwaya, ka makara wajen yanka, sai ka ƙara dusa. Ka kuma shinshina sailej ɗin: mai kyau yana da ɗan tsami mai daɗi kamar kindirmo, launinsa kore mai ja zuwa ruwan ɗorawa. Mai fumfuna ka zubar, kada ka ji asara, musamman in kana da tumaki da awaki, don yana sa su ciwon juyawa da ɓari. Kullum ka ɗebo daga gefe ɗaya ka mayar da leda, iska ce take lalata shi.

Baɗi in Allah ya kai mu, ka damƙi datsattsen karan a hannu ka matse kafin ka zuba a rami. Tafinka ya yi danshi amma kada ruwa ya ɗiga. Ka cika ramin da sauri, ka rufe, ka bar shi ya yi aƙalla mako 3, in ya kai 6 ya fi. In kana kusa da Zariya ka leƙa NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, ka nemi shawara kan haɗa dawa da lablab, wani irin wake da ake shukawa don dabbobi, yana ɗaga furotin.

Af, don Allah ka ja wa yaron kiwonka kunne a kan gyauro. Bayan ka yanke dawa za ta sake tohowa kore shar, kuma wannan tohon da ƙaramar dawar da fari ya taɓa suna ɗauke da guba mai kayar da saniya nan take. Zaman rami yana rage gubar, amma a tsaye a gona kada su kusance ta.

Wace dawa ka shuka, kaura ko farafara? Ka faɗa mana, da yawan abin da kake zuba wa kowace saniya a rana.